Sa'o'in da Suka Ɓace a Shagon Kawu

A shekarar 2001 ina aiki a shagon kawuna a Maraɗi, kusa da babbar kasuwa. Shago ne na buga waya da aika fakis da buga takardu, irin wanda a lokacin ake kira telesantar. Na gama makarantar lise ke nan, tafiya jami'a ba ta yiwu ba a wannan shekarar, sai Kawu ya ce in zo in riƙe masa littafin shiga da fita, tunda a cewarsa zaman banza ba ya haifar da alheri. Kwamfuta guda ce a shagon, mai Windows 98, a gefenta akwai modem mai jerin ƙananan fitilu. Da ita muke aika wa ƴan kasuwa wasiƙun imel zuwa Kwatano da Lome, muna karɓar musu amsa, mu buga a takarda su zo su ɗauka.

Wanda ya taso ya tarar da intanet a aljihunsa yana bukatar a ɗan yi masa bayani. A wancan zamani sai kwamfuta ta buga lambar waya, kamar yadda mutum ke bugawa, wata na'ura a can nesa ta ɗauka. Modem ɗinmu da na can su yi ta kuka da ƙara na kusan rabin minti, suna daidaita saurin da layin zai iya ɗauka. A jikin kwalin an rubuta 56k, amma ban taɓa ganin layinmu ya kai ko kusa da haka ba. Lambar da muke bugawa ta Yamai ce, don haka kuɗi biyu muke biya: na kiran nesa, da na sa'o'in da muka saya a wurin kamfanin da ke ba mu intanet. Har yau ina riƙe da lambobin da kwamfutar ke fitarwa idan abu ya ƙi. 680 na nufin babu sauti a layin, 676 layi a cike yake, 678 ba a ɗauka ba. Akwai kuma 691, wadda ke nufin an ɗauka amma ba a yarda da sunanka ko kalmarka ta sirri ba.

Cikin watan da zafi ya fi tsanani, sa'o'inmu suka ƙare tun kafin tsakiyar wata. Na duba littafina, lissafi bai kai rabi ba. Kawu ya sa aka aiko mana da takardar amfani daga Yamai, sai ga shi an jera shiga bayan shiga, duk tsakanin ƙarfe goma sha ɗaya na dare da asuba. Mu kuwa muna rufe shago bayan sallar isha'i. Mutum ɗaya ne ke kwana a ciki, wani yaro daga ƙauyensu matar Kawu, wanda ke shara da aike, yana kuma gadin kaya da dare. Kawu bai yi faɗa ba, ba halinsa ba ne. Ya dai karɓe makullin ɗakin ciki daga hannun yaron, ya ce daga yau ya riƙa shimfiɗa tabarmarsa a rumfa. Yaron ya rantse da Allah bai san ma inda ake kunna abin ba. Ni da na koya masa wasan kati a kwamfutar da hannuna na san wannan rantsuwa ta wuce gona da iri, sai zuciyata ta karkata ga zarginsa, na yi shiru.

Duk da haka wani tunani ya hana ni sakat. Na taɓa jin wani malamin lissafi, wanda ke zuwa shagon yana duba wasiƙunsa, yana cewa kalmar sirri a fili take tafiya a kan waya. Idan haka ne, wani zai iya saurarenta a hanya tsakanin Maraɗi da Yamai. Na tambaye shi, ya nuna mini inda ake samun takardun da injiniyoyin intanet ke rubuta ƙa'idojinsu, waɗanda ake kira RFC, kowace da lambarta. Na buga biyu a firintar Kawu ba da saninsa ba, ta 1334 da ta 1994, na yi makonni ina fama da su da ƙamus, don Ingilishina na makaranta ne kawai. Abin da na fahimta a cikinsu shi ne dalilin wannan rubutu.

Hanya mafi tsufa ta shiga ba ta da wata dabara. Idan modem biyu suka gama gaisawa, sai baƙin allo ya buɗe, na'urar can ta rubuta login: ka rubuta sunanka, ta rubuta Password: ka rubuta kalmarka. Kamar mai sallama ne a zaure, a ce wane ne, ya ce ni ne wane. Da mutane suka gaji da rubutawa kullum sai suka riƙa tsara ɗan umarni wanda zai jira tambayar ya ba da amsa da kansa. Masu amfani da Linux sun saba rubuta ogin: da assword: a cikin irin wannan umarni, suna yar da harafin farko, domin ba su da tabbacin ko babba zai zo ko ƙarami, wani lokaci ma hayaniyar layi ta cinye shi. Wannan hanya ta dace da tsohuwar ƙa'idar SLIP, wadda ba ta da wani tanadi na tantance mai shiga. Matsalarta ita ce kowane kamfani da irin tambayarsa, umarnin da ya yi aiki a nan ba zai yi a can ba.

Sai aka fito da ƙa'idar PPP, wadda takardarta da aka fi sani ta fito a 1994. A cikinta na'urorin biyu suna zama su yi ciniki kafin komai: girman saƙon da za a riƙa aikawa, da kuma hanyar da mai kira zai tabbatar da ko shi wane ne. Mai tsaron ƙofa, wato na'urar kamfani, shi ke faɗin hanyar da yake so. Mai kira yana iya cewa bai yarda da wannan ba, ga wadda yake iyawa. Idan ba su daidaita ba layi ya katse. Hanyoyi biyu aka fara rubutawa, a takarda ta 1334 ta shekarar 1992, kuma su ne PAP da CHAP.

PAP tsohuwar sallamar nan ce aka sa mata tsari. Kwamfutarka ta ɗauki suna da kalmar sirri ta sa su a saƙo guda, ba tare da wani lulluɓi ba, ta miƙa. Mai ƙofa ya ce na karɓa, ko ya ce ban karɓa ba. Magana biyu ke nan, an gama. Mai kira ne ke fara magana, shi ne kuma ke maimaitawa har sai an amsa masa ko an kashe layi, saboda haka mai gwada sa'a da kalmomi yana da ɗan sarari. Waɗanda suka rubuta takardar ba su ɓoye rauninta ba. Sun faɗa a fili cewa hanya ce marar ƙarfi, sun kuma ce duk na'urar da ta iya hanya mafi ƙarfi ta fara gabatar da ita kafin PAP.

A Windows 98 akwai wani akwati da idan ka sa masa alama kwamfuta za ta riƙa rubuta duk cinikin da ta yi da na'urar can a cikin wani fayil. Na sa alamar, na buga Yamai, na katse, na buɗe fayil ɗin. Ga haruffan nan uku a gabana: PAP. Na ji kamar na kama ɓarawo da hannu. A saman wannan akwati akwai wani, wanda ke tilasta wa kwamfuta ƙin ba da kalmar sirri sai a ɓoye. Shi ma na sa masa alama. Wani abokina da ke hulɗa da wani kamfanin daban ya taɓa gwada haka layinsa ya riƙa katsewa, don nasu ba su iya komai ba sai PAP. Namu kuwa ya shiga lafiya, fayil ɗin ya nuna CHAP. Ashe na'urarsu ta iya duka biyun, amma an saita ta tana fara tayin mai raunin, saɓanin abin da takardar ta ce.

CHAP ita ce ta fi burge ni, kuma har yanzu ina ganin kyanta. Domin a fahimce ta sai an san wani irin lissafi da ke tafiya gaba ba ya dawowa baya. Ka ɗauki turmi. Idan aka zuba barkono da citta da kanumfari aka daka, yaji zai fito. Duk wanda ya zuba kaya iri ɗaya a ma'auni ɗaya zai sami yaji iri ɗaya, amma ba mai iya ɗaukar garin ya mayar da shi ƙwayoyin barkono. Turmin da CHAP ke amfani da shi sunansa MD5, wanda Ronald Rivest na jami'ar MIT a Amurka ya tsara, aka wallafa a 1992. Komai tsawon abin da ka zuba masa, garin da zai fito bit 128 ne, wato bayit 16. Idan ka canja harafi ɗaya tak a cikin abin da ka zuba, garin gaba ɗaya ya canja kama.

A CHAP mai ƙofa ne ke fara magana. Ya ƙirƙiro wata lamba da ka, wadda bai taɓa amfani da ita ba, ya aiko maka tare da wata ƴar lambar shaida. Wannan shi ne ƙalubale, kuma daga nan hanyar ta samo sunanta. Kwamfutarka ta zuba abu uku a turmi, ƴar lambar shaidar da kalmar sirrinka da ƙalubalen, ta daka, ta aika garin tare da sunanka. Mai ƙofa shi ma ya ɗauko kalmarka daga ajiyarsa, ya haɗa da abubuwan nan biyu, ya daka nasa. Idan gari ya yi daidai da gari ya buɗe maka. Kalmar kanta ba ta hau waya ba ko sau ɗaya. Wanda ya laɓe ya kwafi amsarka ta yau ba za ta yi masa amfani gobe ba, domin gobe wani ƙalubalen za a aiko. Ƙa'idar ta kuma ba mai ƙofa damar sake jefo ƙalubale a tsakiyar hira, ko da wani ya karɓe layin bayan an buɗe.

Na je wurin Kawu da wannan ilimi ina taƙama. Na ce masa, "Kawu, na gano inda ɓarnar take, a kan waya ake sace mana kalma, na kuma toshe." Ya dube ni ya ce, "To, madalla. Mu ga ƙarshen wata." Ban canja kalmar sirrin ba. Wannan shi ne wautar da har yau nake jin kunyarta: na ɗauka cewa tunda na rufe hanyar da nake zaton an bi, abin da aka riga aka ɗauka ya daina aiki.

Ƙarshen wata ya zo, takarda ta zo, shigar dare tana nan yadda take, har ta ƙaru. Yanzu lamarin ya yi wa yaron muni fiye da da, don Kawu ya ce idan waya a toshe take, to ɓarawon na cikin gida ne, wataƙila ma ya yanka wani makulli. Aka fara maganar mayar da shi ƙauye bayan salla. A wurinmu yaron da aka maido gida da sunan sata ya ɗauki tabon da zai bi shi har wurin neman aure. Ni kuma da bakina na ƙara ɗaure shi.

Na buga wa kamfanin waya in nemi ƙarin bayani. Wata mata ta ɗauka, na faɗi sunan asusunmu, na fara kame-kame a kan ko an taɓa canja mana wani abu. Domin ta taimake ni sai ta ce, "Ba a canja komai ba, kalmarku tana nan," ta karanto mini ita harafi bayan harafi. Ba ta tambaye ni ko ni wane ne ba. Na ajiye kan wayar jikina a sanyaye. Na koma ga takarda ta 1994, wadda aka sake rubuta CHAP a cikinta a shekarar 1996, na sake karanta wani ɗan sakin layi da na tsallake a baya. A nan marubucin ya ambaci aibin hanyar da kansa: dole ne mai ƙofa ya riƙe kalmar sirri a yadda take, domin ba zai iya daka nasa garin ba sai da ita.

A nan ne na ga cewa bambancin hanyoyin nan biyu ya fi yadda na zata zurfi. Tun shekarun 1970 masu tsarin Unix suka daina ajiye kalmomin sirrin mutane. Robert Morris da Ken Thompson sun bayyana dabarar a wata maƙala ta 1979: a daka kalmar, a ajiye garin kawai, a yar da asalin. Har suna barbaɗa wata ƴar lamba ta daban a kan kalmar kowane mutum kafin a daka, don kada masu kalma iri ɗaya su sami gari iri ɗaya, kuma abin sha'awa gishiri suke kiranta a harshensu. Idan ka zo shiga ka faɗi kalmarka, a daka ta nan take a gwada da garin da ke ajiye. Wannan tsari yana tafiya da PAP sarai, tunda PAP tana kawo kalmar da kanta. Kamfanin da ke amfani da PAP kaɗai yana iya zama bai san kalmar kowa ba, ko an sace kundinsa gari kawai za a samu. Da CHAP kuwa hakan ba ya yiwuwa. PAP ta bar sirri a buɗe a hanya, ta ba gida damar rufe shi. CHAP ta rufe shi a hanya, ta tilasta wa gida ajiye shi inda ma'aikaci zai iya kai hannu. Ko an kulle kundin da wani makulli, makullin yana nan a gidan.

Da na faɗa wa malamin lissafin nan, sai ya ƙara mini wani abin da ya rage mini girman kai. Ya ce sauraren modem a kan waya ba kamar sauraren hirar mutane ba ne. Modem na wancan zamani, masu bin ƙa'idar V.34 da makamantanta, suna magana ne su biyu lokaci guda a kan sauti ɗaya, kowanne yana cire amon muryarsa don ya ji na ɗan'uwansa. Wanda ya maƙala waya a tsakiya hayaniya biyu a cakuɗe zai ji, raba su kuwa sai da kayan aiki na musamman. Shi ya sa kamfanoni da yawa a duniya suka zauna a kan PAP shekara da shekaru hankalinsu kwance. Ya kuma tuna mini cewa bayan na shiga da CHAP, da na buɗe akwatin imel, manhajar tana aika kalmar sirri a fili ta ƙa'idar POP3, kuma kalmar nan ɗaya ce muke amfani da ita a wuraren biyu. CHAP ƙofa kawai take tsarewa, ba ta lulluɓe abin da ya biyo baya. Ko a ƙofar ma, wanda ya kama ƙalubale da amsa yana iya komawa gida ya yi ta zuba kalmomin ƙamus a turminsa har gari ya dace. Tamu kuwa sunan garinmu ce da lambobi biyu a baya.

Kamfanin Microsoft ya yi ƙoƙarin cin riba biyu da nasa samfurin, MS-CHAP, wanda aka wallafa bayaninsa a 1998. A nan mai ƙofa ba ya ajiye kalmar, garinta yake ajiyewa, wanda aka daka da MD4, kuma da wannan garin ake amsa ƙalubale. Da jin haka sai ka ce an warware matsalar. Amma tunda garin shi ne abin da ake amsawa da shi, wanda ya sace garin ba ya bukatar kalmar, garin ya zame masa makulli. Samfurin farko ya kuma gaji wani tsohon tsari da ke mayar da haruffa duka manya, ya raba kalma gida biyu, bakwai-bakwai, abin da ya sauƙaƙa fasa ta ƙwarai. Bruce Schneier da wani mai bincike da aka fi sani da Mudge sun tona waɗannan raunuka a 1998. Samfuri na biyu, wanda takardarsa ta fito a 2000, ya yar da tsohon tsarin, ya kuma kawo abu mai kyau: mai kira shi ma yana ƙalubalantar mai ƙofa, don ya tabbata ba gidan bogi ya buga ba. Sai dai an bar wani gini mai rauni a ciki. Ana ɗaukar garin nan mai bayit 16 a cika shi da sifiri biyar ya zama 21, a yanka uku, kowane yanki ya zama makullin DES. Yanki na uku bayit biyu ne kawai na gaske, sauran sifiri. A 2012 Moxie Marlinspike da David Hulton suka nuna a taron DEF CON cewa ƙarfin tsarin gaba ɗaya bai wuce na makullin DES guda ba, mai bit 56, komai tsawon kalmar da mutum ya zaɓa. Wannan na karanta shi ne daga baya, lokacin da modem ɗinmu ya daɗe da zama abin tokare ƙofa.

Abin da ya wanke yaron bai fito daga waɗannan takardu ba. Wata rana ina jera takardun biyan kuɗi a cikin kwali, ta kamfanin intanet ta faɗo kusa da ta kiran waya, sai na tsaya ina kallonsu. Idan daga shagonmu ake shiga da dare, dole layinmu ya buga Yamai da dare, dole kuma kiran ya fito a takardar waya, tunda kiran nesa ne. Na bi kwanan wata ɗaya bayan ɗaya da bakin biro. Babu kira ko guda daga layinmu bayan ƙarfe tara. Mai cin sa'o'inmu daga wani layin yake bugowa. PAP da CHAP duka abu guda suke tambaya, ko ka san kalmar. Ba ruwansu da inda kake zaune, ko kuma yadda aka yi ka san ta.

Na kai wa Kawu takardun biyu na shimfiɗa a gabansa. Ya sa tabarau ya bi su a hankali, don shi lissafin kuɗi ba a yi masa gaggawa. Da ya gama ya ce, "Wa ya san kalmar?" Na ce ni, da shi, da mutanen Yamai. Ya ce, "Wa ya zaɓe ta?" Nan na yi tsit. Wanda ya zo ya haɗa mana kwamfutar shekara guda da ta wuce shi ya cika takardar buɗe asusun, shi ya zaɓi kalmar, shi ya rubuta ta da hannunsa, ya sa alama a akwatin da ke cewa a tuna da ita don kada mu wahala. Tun ranar ba wanda ya sake tunanin ta.

Kawu ya ce in canja, in kuma bar maganar a tsakaninmu. Na zaɓi wata doguwa marar ma'ana, na haɗa haruffa da lambobi, na cire alamar tunawa, na riƙa rubuta ta da hannu kowace safiya. Na san cewa idan daga Yamai ɓarnar take, sabuwar kalmar ma tana gabansu, satar za ta ci gaba. Wata ya ƙare, takarda ta zo, babu shigar dare ko ɗaya. Bayan kamar mako uku mai haɗa na'urar ya biyo ta shagon, ya ce wucewa yake yi ya ga ya dace ya duba mana lafiyar kwamfuta kyauta. Ya zauna ya taɓa nan ya taɓa can, sa'an nan ya juyo ya ce da ni, "Ƙanena, kamar kun canja kalma ko? Faɗa mini in gwada layin." Kafin in buɗe baki Kawu ya amsa daga kan kujerarsa, ya ce layin lafiyarsa lau, an gode, a gai da gida. Ya sa aka kawo masa ruwan sanyi, ya raka shi har bakin titi. Bai sake kiransa aiki ba, bai kuma taɓa ambaton sunansa a kan wannan magana ba.

A daren ranar da na kai masa takardun ya mayar wa yaron makulli. Bai ce masa komai ba, sai dai da salla ta zo ya ɗinka masa shadda irin wadda ya ɗinka wa ƴaƴansa. Ni ma ban ba shi haƙuri da baki ba, kunya ta hana, na dai koya masa buga takarda da aika imel, har ya fi ni sauri.

PPP ba ta mutu tare da kukan modem ba. An ɗora ta a kan layukan ADSL, sunayen hanyoyinta kuma sun bi mu har cikin wayar hannu. Duk mai wayar Android, idan ya shiga saitin APN ya gangara ƙasa, zai ga wurin zaɓen irin tantancewa: babu, ko PAP, ko CHAP, ko kowanne daga cikinsu. Yaron nan yanzu magidanci ne, yana da rumfar gyaran wayoyi, yara uku suna koyon aiki a ƙarƙashinsa. Bara wayata ta ƙi hawa intanet bayan na canja layi, na kai masa. Ina tsaye yana shigar da saitin, ya iso wannan wurin, na ce ko ya san ma'anar haruffan. Ya ce, "Yaya, wannan ba a taɓa shi, yadda ya zo haka ake barinsa." Na ce masa labari ne mai tsawo, kuma da shi a ciki. Ya miƙo mini wayar ya ce in dawo da yamma idan kasuwa ta lafa, zai sa a dafa shayi.